Cin rani: kada rumbu shi biya kuɗɗin mota



Kaka ta kama. An yanke hatsi, an ɗaure damma, an kai rumbu, mata na can na roron wake. Wanda duk ya yi sammakon tashar Dutsi ko ta Kore Mairuwa a ƴan kwanakin nan ya ga abin da ke biyo bayan kaka kowace shekara: samari da ƴar jaka a kafaɗa, tabarma a naɗe, da ƙullin ƙuli-ƙulin da uwa ta ɗaure ma ɗanta. Nan da wata guda, in ka shiga wasu ƙauyukan Matankari, Kiyeshe, Ɗan Kasari, Gesheme ko Dumega, tsofaffi da mata da yara za ka iske. Akwai garin da in anka yi rasuwa cikin rani sai an aika maƙwabta neman masu ginar kabari.

Ba mu zo yau don mu ce ma kowa kada shi tahi ba. Mu kanmu mun tahi, iyayenmu sun tahi, kuma da yawa cikinmu da kuɗɗin cin rani anka yi mana aure. Magana ɗaya muke son mu yi tun motoci ba su gama kwashe mutane ba. Cin rani sana'a ce, amma har yanzu kamar caca muke yin ta. Mu tahi ba lissafi, mu dawo ba lissafi, kuma kullum rumbu ne ke biyan asarar.

Mu fara da abin da babu gardama cikinsa. Damanarmu wata huɗu ce in Allah ya kyauta, daga Yuni zuwa Satumba. Sauran wata takwas ƙarfin saurayi na nan, gona kuwa ba ta buƙatarsa. Gonakin ma sun gaji, an yi ta raba su har filin da kakanmu ya noma shi kaɗai yau gida biyar ke ci cikinsa. Ga haraji, ga aure, ga suna, ga magani, ga tufafin sallah, kuma duk kuɗɗi suke so a hannu. Tun zamanin da ake zuwa Gwanja da Kumasi fataucin goro, mutumin ƙasar nan ya san rani lokacin bida ne. Kwanon da ke bisa ɗakunanmu, amalanken shanu, injin niƙa, keken ɗinki, da yawansu daga guminsu ga-ruwa, mai shayi, ɗan dako, mai gadi da mai yankan ƙumba sunka fito. Wanda ke raina ɗan cin rani bai san wanda ke ciyar da garinsu ba a watan Agusta.

To ina matsalar take? Tana farawa ne tun ranar da anka ce za a tahi. Kuɗɗin mota, guzuri, ɗan jarin da za a fara da shi, da abin da za a bar ma mai ɗaki, daga ina suke fitowa? Daga rumbu. Kuma a lokacin da kowa ke kai hatsi kasuwa, lokacin da tiya ba ta da daraja.

Mu yi lissafin tare. Buhu mai kilo 100 tiya 40 ne. Mu ɗauka a kaka ana sayar da shi jikka 20, in Yuli da Agusta sunka zo ya kai jikka 30. Misali ne kawai, kowa shi sa farashin kasuwar garinsu shi gani, wata shekarar ma ratar ta fi haka. Saurayi ya fid da buhu 3 ya kai kasuwa, ya riƙe jikka 60 ya hau mota. Damana ta yi, rumbu ya ƙare, ana buƙatar buhu 3 ɗin nan. Yanzu jikka 90 ne. Ke nan jikka 90 na farko da ya tara a can, bayan wata shida yana ɗaukar kaya a ka, maida abin da ya ɗiba ne kawai. Jikka 30 cikinsu kyauta ce ya yi ma ɗan kasuwa. Sau da yawa ma hatsin nan nasa ne, wanda ya kwana cikin shagon wani a Dutsi, ya dawo yana sayen abinsa da tsada. Mu ba ɗan kasuwa muke zargi ba, sana'arsa ke nan kuma ya iya ta. Mu ne ba mu iya tamu ba.

Da can ana iya haɗiye wannan asara, saboda abin da ake samowa ya fi ta. Yau hanya ta sake. Wajen shekarar 2014, jikka guda ta sefa ba ta kai naira 500 ba. A 2024 ta haura naira 2000. Wanda ya yi rani a Ikko, Ibadan ko Kano, aikin nan ne dai, ranar nan ce dai, amma in ya zo Kamba ya yi canji sai ya ga damin takardun da ya ɗauro ya koma ƴan ƙwarori. Kuma ba mu manta farkon 2023 ba, lokacin da anka sake takardun naira, ƴan'uwanmu da ba su da asusun banki sunka yi ta yawo da kuɗɗin da babu mai karɓa, wasu sunka bayar da su a kan ragi mai zafi.

Ga kuma iyaka. Najeriya ta rufe iyakokinta a watan Agusta 2019, ba ta buɗe ba sai Disamba 2020. Bayan 26 ga Yuli 2023 anka sake rufewa har Maris 2024. Gadar Gaya da Malanbil ta daɗe a rufe, masu zuwa Kwatano da Lome sunka koma ƙetare kogin Isa da kwale-kwale, kuɗɗin hanya ya ƙaru, haɗari ya ƙaru. A Janairu 2025 ƙasarmu ta fita daga CEDEAO, abin da ya ƙara ma maganar takardu nauyi ga duk mai ƙetare iyaka.

Biranen da muke zuwa su ma sun fara kore sana'o'inmu. A watan Yuni 2022 Ikko ta hana kabu-kabu a manyan unguwanninta, babura da yawa sunka tahi a hannun hukuma. A 2024 Abijan ta hana talla a manyan tituna da turin amalanke. Tsofaffinmu za su ce ai ba sabon abu ba ne: sun ga korar Gana ta 1969, sun ga ta Najeriya ta 1983. Masu nufar arewa kuwa, tun da anka gano zinariya a Jado a 2014 samari ke ta kwarara can da Cibarkaten. Wasu sun samu, Allah shi ƙara. Amma a Nuwamba 2021 rami ya rufta da masu haƙa a gefen Ɗan Isa, aƙalla mutum 18 sunka rasu. Waɗanda Aljeriya ke korowa, a tsakiyar hamada ake sauke su, su tako kilomita 15 a ƙasa kafin su iso Asamaka, hannu wofi.

Hanya irin wannan ita ce muke shiga da kuɗɗin hatsinmu, ba katin ɗan ƙasa, ba lambar wayar wanda za a kira in wani abu ya faru. Da yawa ko takardar haihuwa ba su da ita. A kowane shinge sai an sauke su, sai sun biya abin da da sun je ofishin magajin gari bai kai haka ba.

In an isa lafiya kuma, sai maganar ajiya. Babu ƙauyen da ba shi da labarin wanda ya yi wata biyar yana kai ma wani maigida ajiya kullum da dare, ranar tahiya gida anka ce masa, "Ka yi haƙuri, kuɗɗin na cikin kaya, sai bayan sallah." Babu shaida, babu rubutu. Ko wanda ya yi gadi ko leburanci a kan za a biya shi in aiki ya ƙare, aiki ya ƙare mai aiki ya ɓace. Kunya ke hana mu cewa a rubuta. Muna ganin kamar rashin yarda ne ka ce ma babba shi sa hannu. Alhali aya mafi tsawo cikin Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, maganar rubuta bashi da kafa shaidu take yi. Malamanmu sun fi mu sanin wannan, muna roƙon su faɗe ta a huɗubar Juma'a a irin wannan lokaci, lokacin da masu tahiya ke cikin sahu.

Wanda kuɗɗinsa sunka maƙale, ko wanda bai tara abin da ya sa rai ba, shi ne ke cewa, "Bari in ƙara ɗan wani abu." A nan asara ta biyu ke shigowa. Ruwan shuka ba ya jiran kowa. In ya sauka a ƙarshen Mayu ko cikin Yuni, tsoho da mata da yara ne ke shuka. Bayan sati biyu ko uku noman farko ya tashi, mai ƙarfin yana Abijan. Sai shi aiko kuɗɗi a ɗauki ƴan ƙwadago, a lokacin da kowa ke cikin tasa gonar kuma ƙwadago ya fi kowane lokaci tsada. Kafin a samu, ciyawa ta riga ta ci gaban hatsi. Kaka ta zo dami ya ragu, sai a tahi da wuri baɗi, a daɗe fiye da bana, a sake makara. Haka gida ke komawa baya, shekara bisa shekara, mutum na ta wahala yana mamakin inda wahalarsa ke zuwa.

Akwai kuma waɗanda ba mu sa su cikin lissafi sam. A gidaje da yawa maigida na rufe rumbun gandu kafin shi tahi, a ce sai damana. Mace ita da ɗiyanta su ci daga gamanarta, da abin da ta samu a man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Ita ce ruwa, ita ce itace, ita ce dabbobi, ita ce jinyar surukai, ita ce kai yaro asibiti cikin dare. A gefen Dogon Kiriya da Sukukutan da garuruwan bakin iyaka, ga fargabar rashin tsaro a kai. In an yi gaskiya, rabin cin rani a gida ake yin sa, kuma mata ne ke yi. Abin mamaki, su sun riga mu gane lissafi. Asusun Mata Masu Dubara da anka fara a jihar Maraɗi a 1991, wanda yau ya bazu ƙauyuka da dama, dala-dala suke zubawa kowane sati, da akwati, da makulli, da shaidu. Ba a jin an ce kuɗɗin na cikin kaya sai bayan sallah. Mu maza da muka ga Ikko da Abijan, ya kamata mu ji kunya mu koya wurinsu.

Kada mu ɗauka mu kaɗai ke irin wannan tahiya. A Faransa, a duwatsun Alp, daga Disamba zuwa Afrilu, daidai lokacin da muke cin rani, ƙanƙara na rufe duwatsu, masu hali su zo wasan zamiya bisa ƙanƙarar. Garuruwa irin su Shamoni sai su cika da ma'aikatan wucin gadi: masu dahuwa, masu gyaran ɗakunan baƙi, masu kula da kujerun da ke hawa da mutane bisa dutsi. Wasunsu manoma ne da makiyaya, in ƙanƙara ta narke su koma ga shanunsu. Su ma suna kuka. Ɗakin haya ya fi ƙarfinsu, wasu cikin mota suke kwana cikin sanyin da ba mu san irinsa ba. Amma suna da abu uku da ba mu da su: takardar yarjejeniya mai ranar farawa da ta gamawa, takardar albashi kowane wata, da doka. A Disamba 2016 ƙasar ta yi dokar da ta ɗora ma garuruwan yawon buɗe ido nauyin tsara masaukin irin waɗannan ma'aikata. Ba mu ce Dogon Dutsi za shi zama Shamoni ba, dutsinmu ko raɓa da ƙyar yake gani. Abin dubawa shi ne sun yarda aikin wata biyar aiki ne, sun yi masa tsari. Mu kuwa abin da rabin gari ke yi kowace shekara, har yau babu ko littafin da ake rubuta sunan wanda ya tahi.

Wasu za su ce, to a zauna gida mana a yi noman rani. Wannan magana tun bayan farin 1984, zamanin Seyni Kunce, ake yin ta, kuma akwai gaskiya cikinta. Mun ga abin da dankalin turawa ya yi ma masu lambu a gefen Tapkin Saw, har da taimakon abokan Dutsi na garin Orsay. Mun ga masu fadama cikin Dallol Mawri, inda ruwa ke kusa, suna samun abin da ya fi na Ikko ba tare da sun bar iyalinsu ba. Wanda ke da fadama ya bar ta ya tahi dako, ya yi wauta. Amma mu faɗi sauran gaskiyar. Fadama na da masu ita. Mutumin tudu, inda rijiya ke da zurfin da sai da dabba ake jan guga, da me za shi yi ban ruwa? Iri da taki da mai duk kuɗɗi ne. In amfani ya fito gaba ɗaya kuma kasuwa ta faɗi, tumatir da kabeji su ruɓe a hannu. Noman rani zai riƙe wasu, ba zai riƙe kowa ba. Kafin ranar da zai riƙe kowa, mutane za su ci gaba da tahiya, gara mu gyara tahiyar.

Wasu kuma za su ce arziki na Allah ne, lissafi ba shi ƙara kome. Haka ne, arziki na Allah ne. Amma wanda ya ce haka ba ya barin akuyarsa a sake cikin gonar wake, ɗaure ta yake yi. Ba a fafe gora ranar tahiya.

Ga abin da muke gani, kuma babu wanda ya fi ƙarfinmu a ciki.

Na farko, kuɗɗin mota kada su fito daga hatsi. Su fito daga wake, daga gyaɗa, daga ɗan akuya, ko kuwa a ware su tun daga abin da anka zo da shi bara. Inda babu makawa sai hatsi, akwai dabarar da ake kira warantaj, wadda ƙungiyoyin manoma sunka daɗe suna yi a ƙasar nan. A tara hatsi a ɗakin ajiya, a sa kwaɗo biyu, makulli ɗaya wurin ƙungiya, ɗaya wurin asusun da ya ba da bashi. A ba ka wani kaso na darajar hatsinka, ka tahi da shi. In ka dawo ka biya da ɗan abin da ya hau kai, ka ɗauki buhunka a lokacin da ya yi tsada. Hatsin bai bar gari ba.

Na biyu, a aiko da wuri. Yau ga Nita, ga Al Izza, ga Amana, ba sai an jira mai zuwa gida ba. Abin da ka samu a Disamba da Janairu, aiko shi a sayi hatsi tun yana da sauƙi. Jikka 20 a Janairu ta fi jikka 20 a Agusta, kowace mace ta san wannan. Kuma a aiko ma wadda ke riƙe da tukunya, ita ta san abin da ya ƙare.

Na uku, ajiya da aiki duk a rubuta, ko da da ajami ne a bayan kwali, da shaidu biyu. Wanda ya ji haushi don ka ce a rubuta, ya nuna maka halinsa tun kuɗɗinka na hannunka.

Na huɗu, a sa ranar dawowa tun kafin a tashi, a gaban iyaye. Ƙarshen Mayu kowa shi kasance gida, ya samu ko bai samu ba. Iyaye su ma su rage tambayar nan ta "me ka zo da shi?" tun yaro bai aje jaka ba. Tsoron wannan tambaya ne ke sa wasu su ƙi dawowa, shekara ta koma biyu, biyu ta koma biyar, har a daina jin ɗuriyarsu.

Na biyar, yaro ɗan shekara 13 ko 14 ba ɗan cin rani ba ne. Ya ga yayansa ya dawo da waya da tabarau, ya aje littafi ya bi mota. Wanda ke ɗaukar yaran mutane yana kai su talla a birni, gari ya san shi, mai gari ma ya san shi. A yi masa magana.

Na ƙarshe namu ne da hukumomi. Magadan gari na Dutsi, Matankari, Kiyeshe, Ɗan Kasari, Dogon Kiriya, Sukukutan, Tibiri, Dumega, Gesheme da Kore Mairuwa, tare da sarakunanmu, me zai hana a riƙa shirya zaman yin takardun haihuwa da na ɗan ƙasa a ƙauyuka cikin Satumba da Oktoba, lokacin da samari ke gida? In an zo cikin Maris, babu kowa. Me zai hana kowane mai gari shi riƙe littafi, a rubuta wa ya tahi, ina ya nufa, wace lamba ce tasa? Ƴan'uwanmu da sunka zauna a zangon Ikko, Kwatano da Abijan, kun riga kuna haɗa kuɗɗi in an yi rasuwa. A ƙara kaɗan, asusun shi kai ga mara lafiya da wanda anka kama da wanda ya rasa kuɗɗin komawa gida.

Samarinmu da ke ɗaure kaya yau da dare, ku je, Allah shi kiyaye hanya. Amma kafin ku fita, ku leƙa rumbu ku ƙirga damman da ke ciki, ku riƙe adadin a kai. In kun dawo, kafin a buɗe jaka a ga atamfa da waya, a sake leƙawa. Nan ne za a san ko ranin bana an ci shi ko kuwa shi ne ya ci mu.

Allah shi kai ku lafiya, shi maido ku kafin ruwan shuka, shi ba mu damana mai albarka. Amin.